Kafaɗar Baba Zarami

Guntun katako ɗaya Modu ya manta bai saka ba, shi ya ci kafaɗar Baba Zarami.

Baba Zarami shi ne shugaban masu kafa dandamali na wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Haɗeja. Shekara talatin yana bayan labule, 'yan kallo ba su san fuskarsa ba. Modu maraya ne, a hannunsa ya koyi riƙe guduma har ya kai shekara ashirin da bakwai. Kwano ɗaya suke ci, faɗa kuwa kullum sai ya sha.

Wata Laraba labulensu ya yage, aka kai wa mai ɗinki. Ita da kanta ta dawo da shi, ta tarar da Modu a kan tsani, ƙusoshi cike da bakinsa.

"Wa ya ɗinke wannan da waya?" ta tambaya.

Ya tofar da ƙusoshin a tafinsa. "Ni ne."

"Allah ya shirye ka. Allura biyu ka karya min."

"A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Gobe ma zan yaga shi don ki dawo."

Baba Zarami ya ɗago daga inda yake yankan katako. "Ka yaga, in yaga kunnenka. Sauko ka karɓi kaya, ka tsare 'yar mutane da ido."

Sunanta Nuriyya. Wajen gwaggonta take zaune a Haɗeja, iyayenta suna wani ƙauye kusa da Baturiya. Kafin damina ta fita, wayoyinsu sun daina hutawa.

"Kafintana, ka ci abinci ko ƙusa ka sake ci?"

"Na ci, Nurina. Baba ya ce tun da na san ki ma'aunina ya karkace."

Mahaifinta, Malam Haladu, shugaban masuntan ƙauyensu ne, mutum mai magana ɗaya. Da aka kai masa zancen ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ba zai ba ɗan dirama 'yarsa ba. Aka ce ai Modu ba ya wasa, katako yake bugawa. Ya ce duk motarsu ɗaya. Ga kuma Kolo, mai sayen shinkafa daga Kaugama, yana ta zaryar neman aurenta.

Bayan ruwa ya janye, aka gayyaci ƙungiyar ƙauyen su Nuriyya, su yi wasa a kan ambaliya da kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Fili babu sai fadama. Ƙasar fadama kuwa maƙaryaciya ce, sama ta bushe ta tsage, ƙasa taɓo. Don haka Baba Zarami yana da doka: ƙafafun dandamali goma sha biyu, kowace sai an shimfiɗa mata faffaɗan katako a ƙasa. Takalmi suke kiransa. Shi yake ƙirgawa da kansa kafin kowa ya hau.

Ranar bai ƙirga ba.

"Yau kai za ka kafa," ya ce wa Modu. "Ba zan taɓa ba. In an gama in nuna wa uban Nuriyya aikin hannunka, in ga abin da zai ce."

Modu yana kan ƙafa ta tara saƙo ya shigo.

"Kafintana, ina jin tsoro. Mutanen Kolo sun zo da safe. Baba ya ce zai ba su amsa bayan wasa. Ni kai nake so, ka sani ko?"

Ya karanta sau uku. Ya tashi ya wuce ƙafa ta goma.

Bayan la'asar fili ya cika. Yara suka zauna dab da dandamali, mata a gefe, Nuriyya a cikinsu. Ana gama kashi na farko aka kira dattawa bakwai su hau su yi jawabi, Malam Haladu a gaba.

A bayan labule Baba Zarami ya ji katako ya yi wani kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya jawo buhun kayan aiki ya leƙa. Takalmi ɗaya na ciki.

"Modu."

Modu ya gani. 

"Wace ƙafa?"

"Ta tara, Baba. Inna lillahi..."

Ta tara ita ce ta gaba, daidai kan yaran.

"Kada ka yi ihu," in ji Baba. "In suka firgita suka ruga gefe ɗaya, a kan yaran nan zai kife. Fita ka sauko da su ɗaya-ɗaya, ta baya."

"Ni zan shiga ƙasa, Baba. Ni na yi."

"Kai ka fi ni sauri, ni na fi ka kafaɗa. Tafi, don ubanka!"

Tsoho ya rarrafa ƙarƙashi. Ƙafar ta riga ta nutse kusan taƙi guda. Ya durƙusa ya sa kafaɗarsa ta dama a gungumen da ke ɗauke da katakan.

Modu bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba. Ya fita. Ya raɗa wa dattijon ƙarshe magana, ya kama hannunsa ya sauke shi. Ya dawo. Kowane taku yana jin katako na lotsawa, ya san a kan wa yake takawa. Na biyu, na uku. Ya yi wa wani ɗan wasa alama ya janye yaran da waƙa. Nuriyya ta ga fuskarsa, ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji.

Saura Malam Haladu, riƙe da lasifika.

"Malam, don Allah ka sauko."

"Ban gama ba. Kai ne yaron nan ko? Sake ni."

"Akwai mutum a ƙarƙashinka, Malam. Ubana ne."

Malam Haladu ya dubi ƙafafunsa, ya bi shi. Suna taka ƙasa gaban dandamalin ya rufta.

Da ransa aka zaro Baba, kafaɗar ta ragargaje. Duk da haka da ya ga Malam Haladu tsaye a kansa sai ya ce, "Laifina ne, ban ƙirga ba."

Modu ya durƙusa gaban jama'a. "Ba haka ba ne, Malam. Ni na kafa, ni na manta. In ka hana ni Nuriyya ba ka zalunce ni ba."

Malam Haladu ya sa aka kawo mota.

Mako uku Modu yana jinyar Baba a asibiti, yana jiran labarin an ba Kolo. Saƙo ɗaya ya tura mata: "Ki yafe min, Nurina." Ta amsa: "Ina nan. Baba bai ce komai ba, ko kallona ba ya yi."

Ran nan sai ga Malam Haladu da ƙullin busasshen kifi. Ya zauna bakin gado.

"Zarami, me ya sa ka so ka yi min ƙarya?"

"Ɗana ne."

"Shi kuma ya ƙi ta, ga shi ya san abin da zai rasa." Ya juya ga Modu. "Sana'arku har yanzu ba na son ta. Amma na ba ka. Ka riƙa ƙirga katakonka."

An ɗaura aure bayan girbin shinkafa, Baba Zarami ne waliyyin ango. Guduma kam ya bar ta har abada, likita ya ce hannun ba zai sake tashi ba. Da liman ya ce a yi fatiha, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, kowa ya ɗaga hannu biyu. Baba ya ɗaga na hagu shi kaɗai. Modu ya matso, ya tallabo na daman ya riƙe masa har aka shafa.