Albasar da Riskuwa Ta Tara Don Biza

Ko jakarta ba ta sauke ba, Riskuwa ta tsaya a bakin ɗakin ajiya tana kallon ƙasa... Wayam! Buhu ashirin da biyu na albasa ta bari a ɗakin nan kafin ta tafi Abuja gwajin tarin fuka, yau kwana uku, ga shi babu komai sai ɓawo da wari. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya Tamba, ina albasata? Kai na ba makulli!"

Tamba, wan mijinta, yana kan tabarma kusa da mahaifiyarsa Inna yana sakace, ko tashi bai yi ba. "Wace albasa? Wadda kinka saida a ɓoye kahin ki tai? Inna, kin ga abin da nike hwaɗa miki. Kuka za ta yi yanzu don ƙanena shi sake aiko da kuɗi."

Marainiya ce Riskuwa, ba uwa ba uba, abin da ta gada kawai 'yar gona ce a bakin gulbin Rima, nan Argungu. Mijinta Aminullahi shekara huɗu yana Ingila. Da ya samu takardar zama, ya haɗa guminsa ya ware kuɗin biza da na inshorar lafiya, kowa a gidan ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Iya Bukola ce ta buɗe mata ido, wata Bayarabiya mai fataucin albasa a Birnin Kebbi, wadda 'yarta ta bi miji waje. Ta zaunar da ita ta ce, "Ɗiyata, biza ba kuɗi ɗaya ba ce. Fasfo fa? Gwajin tari? Jarrabawar Turanci? Fassarar takardar aure? Motar Abuja, da masauki, da jirgi? Ki lissafa duka tun yanzu, kada ki tsaya a tsakiyar hanya." Da Riskuwa ta kawo lissafin gida, Tamba ya ce ƙarya ce, tatsar ƙanensa take so ta yi. A ranar ta rantse ba za ta roƙi sisin kowa ba. Ta shiga gona da kanta, ta yi dashe, ta yi ban-ruwa har tafin hannunta ya tsage, ta adana albasar sai da ta yi tsada. Da ta zuba a buhuna, kowane buhu ta rubuta masa aikinsa da jan fenti: wannan TURANCI, wancan FASSARA, goma sha biyu kuma JIRGI.

Yanzu duk sun tafi. Kuma takardar gwajin nan wata shida kawai take aiki, in ta mutu sai a sake daga farko.

Abin bai tsaya nan ba. Inna, uwar mijin, ta daina amsa gaisuwarta. Matan unguwa suna nuna ta da baki a bakin famfo. Sai kuma wayar Aminullahi, muryarsa a sanyaye: "Riskuwa, Yaya ya hwaɗa mini komi. A dakata da maganar bizar nan tukuna..." Wannan ce ta karya ta. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta yi alwala ta kai goshi ƙasa tana cewa, "Ya Allah, ba ni da uba sai dai ina da Kai! Ka tona wanga al'amari!" Da ta sallame ta share fuska, ta fito tsakar gida ta tsaya a gaban Tamba.

"Yaya, ka saurare ni. Ban saida ba, ban ci ba, kuma ba ni barin gidan ga da sunan ɓarauniya. In shekara goma za ni sake yi ina noma, sai na je wurin mijina. Kai ba ka isa ka hana ba!"

Ya yi dariya ya ce, "Da ƙahwa za ki je?"

Kwana biyu da haka wayarta ta yi ƙara. Iya Bukola ce, tana haki. "Ɗiyata! Kin sayar da albasarki ne ba ki gaya mini ba? Ga buhuna a gabana dillali ya kawo, an rubuta JIRGI, an rubuta TURANCI. Wane manomi ne zai rubuta Turanci a buhun albasa in ba ke ba? Na hana a ɗora su a mota, ki taho yanzu!"

Ashe Tamba ya guji kasuwar Argungu don kada a gane shi, ya kai su Birnin Kebbi. Kuma da yake bai iya boko ba, ya zaci jan fentin nan alamar 'yan kasuwa ce kawai.

A gaban shugaban 'yan albasa aka tara su, har da Inna, aka kira Aminullahi aka buɗe waya kowa yana ji. Dillali ya nuna Tamba ya ce, "Shi ne, a hannunai na saya." Tamba ya fara rantse-rantse, Riskuwa ta jawo buhu guda gabansa ta ce, "Kai ka ce na saida. To karanta mana, mi anka rubuta nan?" Ya kalli buhu, ya kalli jama'a, ya kasa karanta ko harafi ɗaya! Inna ta fashe da kuka ta riƙe hannun Riskuwa: "Ki yahe mini, ɗiyata, na zalunce ki." A waya ma kuka ake, Aminullahi yana ta kiran sunanta. Aka mayar mata da albasarta, Iya Bukola ta saye duka da farashin ranar, wanda ya fi na makon jiya. Tamba kuwa sai da ya sayar da babur ɗinsa da injin ban-ruwa ya biya dillali, aka kuma hana kowa sayen ko tiya ɗaya a hannunsa.

Wata huɗu bayan nan biza ta fito. Ranar tafiya Tamba ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Riskuwa ta rataya wa Inna makullin ɗakin ajiya a wuya, ta rungume ta, sannan ta tsaya a bakin ƙofarsa da akwatinta.

"Yaya, ka tambaye ni ko da ƙahwa za ni je. A'a. Da albasa za ni."