Yarinyar da Ta Hau Jinka

A can wani ƙauye an yi wata yarinya da ke zaune da kakarta, a ɗakin da jinkarsa ta ruɓe. Ga damina ta matso, ga kaka tana fama da tari.

Yarinyar ta roƙi kawunta ya gyara musu, ya ce, "Sai gobe." Ta roƙi maƙwabci, ya ce, "Sai gobe." Da ta jingina tsani da kanta, matan unguwa suka yi mata ca: "Ke, sauko! Mace ba ta hawa jinka!"

Wata mai tallan nono ta ji, ta ƙyalƙyale da dariya. "A rugarmu ai mata ke yin ɗaki. Zo in koya miki, ƙanwata."

Ta koya. Ta yanko ciyawa, ta hau, ta baibaye ɗakin, ana ta surutu a ƙasa.

Ranar ruwan farko, ko ɗigo bai taɓa kaka ba. Sai ga kawu jiƙe sharkaf. "'Yata, yaushe za ki duba tawa?"

Ta ce, "Sai gobe, Kawu."

Washegari kuwa da sassafe, sai ga ta da tsaninta.