Ambulan Ɗin Fitila

"Ina nawa?"

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

Dawowarmu shagon hoto ke nan daga biki, la'asar sakaliya. Mai Hoto ya miƙa wa Dogo mai bidiyo ambulan ɗinsa, ya miƙa wa direba nasa, sannan ya rufe durowa ya juyo yana yi min murmushin nan da ke kashe min jiki.

"Haba Fitilata... ke ai ta gida ce. In miƙa miki ambulan kamar baƙuwa? Komai nawa naki ne fa."

"To, na gode," na ce, na ɗauki jakata.

Sai da na sha kwana hawayen suka zubo.

Shekara biyu ina aiki da shi. Ni ke riƙe sandar fitila, shi ya sa sunan ya bi ni. Ni ke gyara wa amarya mayafi, kuma kafin ta fito ni ke tsayawa a gurbinta ya gwada haske a fuskata. In ya daidaita, sai ya goge hoton, in matsa gefe, mai wurin ta zo.

A irin wannan gwajin ya faɗa min, ido na cikin kyamara.

"Ɗan ɗago haɓarki... yauwa. Kalli hagu. Ina sonki."

Saura kaɗan in faɗi a kan furannin mutane!

Daga ranar ambulan ya ɗauke. Turare ya zo, takalmi ya zo, kalamai kuwa har sai na toshe kunne. Amma biki bakwai na yi kafaɗata na zogi, ban koma gida da abin da na saba ɗora wa Umma a tafin hannu ba. Tun rasuwar Baba, wannan ɗorawar ce ke sa in ji ni ma mutum ce a gidanmu. Ina sonsa kamar raina, kuma ina jin haushinsa, duka a zuciya ɗaya.

Ashe labarin ya riga ni isa gida. Mai kwalliyar da muke haɗuwa da ita a bukukuwa, wadda ta daɗe tana yi masa fari da ido, ita ta tare Yayana a hanya ta fesa masa.

Na tarar da shi a tsakar gida yana huci.

"Ke! Da turare ake biyanki yanzu? Gari ya ɗauka ƙanwata na aikin banza saboda soyayya?"

"Yaya, ba haka..."

"Kin bar aikin nan. Maganar turo manyansa kuma, ya sha zamansa!"

Na juya wajen Umma ina neman ceto. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"'Yar nan, ban ƙi yaron ba," ta ce a hankali. "Amma in bai ga wahalarki yanzu da yake neman ki ba, yaushe zai gan ta? Aikin gidan miji ya fi riƙe fitila yawa, kuma shi ba mai kallo."

Wannan ta fi faɗan Yaya shiga jikina.

Sati biyu ban ɗaga wayarsa ba. Saƙonni suka yi ta shigowa, Fitilata kaza, hasken idona kaza. Ina karantawa ina kuka, ina gamawa in sake karantawa. Saƙo ɗaya na tura masa: "Ka nemi wata mai riƙe fitilar."

Ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama. Ta labule na leƙa. Shi ne, ya rame, hannunsa na dama a manne da ƙirji. Da Yaya ya ba shi hannu, sai ya tallafo gwiwar hannun da na hagu yana cije leɓe.

"Lafiya? Haɗari ka yi?" in ji Yaya.

"A'a Yaya. Fitila na riƙe."

"Me?"

"Jiya wadda mai kwalliya ta kawo min ta ajiye sandar bayan minti ashirin, ta ce ba za ta iya ba. Dogo na ɗaukar bidiyo, dole na riƙe da kaina. Awa uku." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ko riga da ƙyar na sa yau."

Dariya ta ƙwace wa Umma, ta yi saurin mayar da ita tari.

"Fito mana," ta ce da ni. "Ƙafafunki duk a waje suke."

Na fito ina ɗaure fuska. Ya durƙusa gaban Umma, ya zaro ambulan bakwai daga aljihu ya jera a tabarma.

"Umma, na yi kuskure. Na ɗauka in na biya ta, na mayar da ita bare. Ban san raina ta nake yi ba. Shekara biyu tana ɗaga abin nan tana murmushi, ban taɓa tambayarta ko da nauyi ba."

Ya juyo gare ni.

"Wannan ba kyauta ba ce, Fitila. Guminki ne. Ki yafe min jinkirin."

Na buɗe na farko. Bayan kuɗin akwai hoto.

Ni ce, tsaye a gurbin wata amarya, cikin tsohuwar rigar aikina, zufa a goshi.

Na buɗe na biyu. Ni ce. Na uku ma ni ce, ina hararar kyamara.

"Ba gogewa kake yi ba?" na tambaya.

"Na kowa ina gogewa. Naki ban taɓa iyawa ba, tun ranar farko."

Shi ke nan, duk ɗaure fuskar ta rushe. Na zube kusa da Umma, na ɗora mata ambulan ɗin a tafin hannu, na kifa kaina a cinyarta ina kuka.

Yaya ya ɗauki hoto ɗaya ya daɗe yana dubawa.

"Har da hararar gidanmu ka ajiye?" Ya yi gyaran murya. "To... ka ce wa manyan naka su zo. Amma ka fara gasa hannun nan."

"Da sharaɗi," na ce ina share ido. "Ko bayan aure, in na riƙe fitila..."

"Ambulan," ya ce da sauri. "Kafin na Dogo ma!"

Ranar bikinmu Dogo ne ya karɓi kyamara. Amma angon nawa ya kasa haƙuri, ya ce shi zai gwada hasken da kansa. Ni kuma ƙafafuna suka kai ni wurin tsayawar tun kafin a kira ni, da mayafi da komai.

Na kalli yarinyar da ke riƙe da sandar, na matso kusa da shi.

"Ka biya ta?"

"Tun da safe, ranki ya daɗe."

Ya ɗaga kyamara. "Ɗan ɗago haɓarki... yauwa."

Fitila ta haska. Da sabo na ɗaga ƙafa zan matsa gefe, sai ya riƙo hannuna, ya cusa min wani ambulan a ciki.

"Wannan na gwajin haske ne," ya raɗa min. "Amma ina za ki, Fitilata? Yau ba wadda za ki matsa wa."