Muryar da Mudassiru Ya Ɗauko daga Gulbi

Ran da abin ya fara, babu abin da ya bambanta wannan yamma da sauran yammaci a gidan Mudassiru da ke Bagudo. Hafiza matarsa tana bakin murhu tana tuƙa tuwon shinkafa, kaji suna neman akurki, shi kuwa maigidan ya baje tabarma a tsakar gida ya zazzage jakar tafiyarsa. Aikinsa auna gonakin shinkafa ne a bakin gulbi, daga Illo har Lolo, wani lokaci ma ya tsallaka cikin Benin, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. In bai zo da fitila mai cajin rana ba, zai zo da littafin gyaran rediyo na Faransanci wanda hotunan kaɗai yake ganewa. Hafiza ta daɗe da gajiya da faɗa, ta bar masa ɗakinsa ya zama shagon mai gyara.

Duk cikin tarkacen nan, abin da ya fi ji da shi wata 'yar rikoda ce da ba ta fi yatsa biyu ba, wadda ya saya a kasuwar Kamba. Abin da ya fara ɗauka da ita muryar mahaifiyarsa ce, Inna Kubura, wata huɗu kafin ta rasu. Ba ta faɗin sunansa don shi ne ɗan fari, Ɗanliti take ce masa saboda ran Litinin ta haife shi. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Tsohuwar ta ga yana ta latse-latse abinci na jira, ta ce, "Ɗanliti, aje wanga abu ka ci tuwo, ya yi sanyi," sannan ta yi dariya. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kunna ya saurara. Kuma mutum ne mai doka guda da yake taƙama da ita: duk abin da ya ɗauka sai ya ajiye shi wuri uku, a rikoda, a waya, a kwamfuta.

"Ku zo ku ji abin da na samo," in ji shi.

Munawwara ce ta fara zuwa da gudu. Shekararta tara, ita kaɗai Allah ya ba su, kuma tun da ta iya magana bakinta bai huta ba. Babu wanda ba ta iya kwaikwayo, daga mai tallar kifi har malaminsu na Islamiyya. Ta durƙusa kusa da uban, ya latsa.

Da farko ƙarar ruwa ce kawai. Can sai wata murya ta taso, ta mace, siririya, tana rera wani abu a hankali cikin harshen da ba Hausa ba, ba Dandanci ba, ba Fillanci ba. Ko ba ka san harshen ba ka san rarrashin jariri ake yi. Hafiza ta saki muciya. Kajin da suke ta hayaniya suka yi tsit.

"Kashe abin ga," ta ce. "Magariba ta yi."

Bai kai ga kashewa ba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin ɗaki.

Ga yadda ya samo muryar. Kwana biyu kafin nan, Lauwali, wani basarke mai kamun kifi da ke tsallakar da shi a kwalekwale, yana dawo da shi Lolo rana ta yi ja. Da suka doshi wata kwana inda ruwan yake baƙi kuma ba ya motsi, Lauwali ya ɗaga filafili ya ɗora a cinya, ya raɗa masa cewa nan ba a magana in rana za ta faɗi, masu wurin suna kwantar da 'ya'yansu, ko tari ne a haɗiye shi har a wuce. Mudassiru ya bi doka, bai ce uffan ba. Amma da ya ji waƙar tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa, babban yatsansa ya lalubi aljihu ya latsa. A ganinsa bai yi laifin komai ba, tunda magana aka hana. Ko da ya dawo masauki, abin da ya fara yi shi ne cika dokarsa ta wuri uku.

Duwatsun suka yi ta zuba har aka kira isha'i, sannan suka tsaya. Da safe Hafiza ta share su, ta cika ƙwarya. Sumul suke, a jiƙe, suna warin laka, alhali daga gidan zuwa gulbi tafiya ce. Mudassiru ya ce yaran unguwa ne. Da yamma ya jingina waya a kan katanga, ya kunna kamara, ya rataye fitilu biyu. Duwatsu suka zo a kan lokacinsu. Ya duba hoton sau ya fi goma, babu hannu, babu inuwa, sai katanga da sararin sama.

A rana ta biyu aka ƙara da kuka. Kukan jariri ne, na wanda ya gaji da kuka, kuma daga cikin randa yake fitowa. Hafiza ta zubar da ruwan ta kife randar, kukan ya koma cikin buta.

A rana ta uku Munawwara tana tsakiyar ba uwarta labari, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Ta dafe wuya ta dubi ubanta, idanunta suka cika da ƙwalla, ko kukan ma babu sauti.

Aka kai ta asibiti, aka haska maƙogwaro, aka ce lafiya lau. Daga nan Mudassiru ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna, ya tashi, ya buɗe littafi, ya rufe, ya shiga ɗaki ya fito bai san abin da ya kai shi ba. Shirun gidan ya fi duwatsun tayar masa da hankali. Yarinyar da a da yake ce mata ta yi wa Allah ta bar shi ya yi karatu, yanzu ita ce take binsa da ido daga bakin ƙofa. Tsoro ya kama shi sosai, kuma a ƙasan tsoron akwai wani abu da ya ƙi dubawa, don zuciyarsa ta riga ta gaya masa daga inda abin ya fito.

Hafiza ba ta nemi shawararsa ba, ta aika garin Zagga aka ɗauko Malam Badamasi, wanda ya yi suna wajen ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar a bayan babur, ɗan gajeren tsoho mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya ɗauki dutse ɗaya ya sansana, ya ajiye. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, uwar ta riƙe yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, murya ba sama ba ƙasa ba, har inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Sai jikin Munawwara ya sandare, kanta ya juyo a hankali.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar Munawwara ce sak, amma maganar ba tata ba ce. Hafiza ta fashe da kuka.

"Wace ce ke?" in ji Malam. "Musulma ko kahira?"

"Musulma. Shi yas sa da duwatsu nif fara."

"To mi yarinyar ga tay yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ubanta yay yi." Idanun suka koma kan Mudassiru. "Ina rarrashin ɗana yaɗ ɗauke min murya, yas sa aljihu. Kwana bakwai ke nan ɗana bai yi barci ba. Na ɗauki ta ɗiyatai na kai mai, bai san ta ba, kuka shi kai."

Mudassiru ya matso. "Wallahi ban yi magana ba," ya ce. "An ce kar a yi magana, ban yi ba."

Malam ya dube shi ta saman tabarau, kuma wannan kallon ya ishe shi.

Aljanar ta ce za ta zauna a jikin yarinyar har ta yaye ɗanta. Malam ya ce ba ta isa ba, zalunci ne a kama wanda bai ci ba bai sha ba, ya ci gaba da karatu da ƙarfi har ta yi ƙara ta ce a tsaya. Ta ce to a maida mata abinta. Mudassiru ya zabura ya ciro rikoda, ya ce yanzun nan zai goge.

"Kak ka goge!" Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. "In ka goge ta tahi ke nan, tawa da ta ɗiyarka. Kai min za ka yi inda kaɗ ɗauko, da rana ta yi ja. Dut abin da muryata tak kwana ciki, ka saka shi ruwa."

"Wuri nawa ka aje ta?" Malam ya tambaye shi.

"Uku," ya ce, da ƙyar.

A nan ne ya gane abin da ake nema a wurinsa. Aikin wata biyar na cikin kwamfutar bai dame shi ba, ya san zai sha faɗa a ofis ya wuce. Amma duk inda ya ajiye waƙar gulbi, nan ya ajiye Inna. Ya durƙusa a gaban 'yarsa, yana roƙon wadda ke cikinta. Ya ce muryar uwarsa ce, ta rasu, ita kaɗai ta rage masa, a bar shi ya kwashe ta zuwa wata wayar, minti biyu ya isa.

"Sun kwana wuri guda, sun gauraya," ta ce. "Abin da yaf fita ciki da tawa za shi fita. Kai ka girma, ka yi gemu. Nawa jinjiri na."

Malam ya sa ta rantse da Allah cewa za ta bar jikin yanzu, ba za ta sake taka gidan ba, kuma da kayan sun taɓa ruwa za ta saki muryar yarinyar. Ta rantse. Ɗan yatsan ƙafar Munawwara ya yi rawa, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar uwarta. A wannan magaribar ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Kafin Malam ya hau babur ya ja kunnen Mudassiru kada ya kuskura ya kunna ko ɗaya daga cikin kayan, ko da na sallama ne.

Washegari ya kama hanyar Lolo da jaka a baya. Sau uku yana tsayar da babur a gefen hanya, ya ciro rikodar, ya dube ta, ya mayar. Lauwali da ya ji labari ya riƙe baki, ya ce, "Kai ko ɗan boko, mi yak kai ka?" Amma ya kwance kwalekwale.

Da suka isa kwanar, rana ta yi ja, Lauwali ya ɗaga filafili. Kukan jaririn yana nan a ƙarƙashin ruwa, ya dishe. Mudassiru ya zura kwamfutar, ta nutse. Ya saki wayar. Ya rage rikodar a tafin hannunsa, kuma nan Shaiɗan ya zauna kusa da shi yana ba shi shawara: biyu cikin uku ai an yi ƙoƙari, wa zai sani? Yatsansa yana kan maɓallin. Latsa ɗaya, Inna za ta yi magana. Ya tuna 'yarsa a bakin ƙofa tana buɗe baki babu sauti. Ya sa hannun cikin ruwa har wuyan hannu, ya buɗe shi.

Ba a jima ba waƙar ta taso. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa, ya ɗauke. Lauwali ya bar ruwa ya ja su har suka wuce.

Sai da suka taka tudu Mudassiru ya lalubi aljihu don ya kira gida, ya tuna. Mutumin da duk unguwa ke zuwa wurinsa a saita musu waya, yau ba shi da hanyar jin ko 'yarsa ta yi magana, lambar matarsa ma bai taɓa haddacewa ba. Ya kwana a Lolo don dole, da asuba ya kama hanya.

Ya iso gida da azahar. Hafiza ta tare shi a zaure, ta ce tun magaribar jiya yarinyar ta yi barci, har yanzu ba ta farka ba, ita kuma tana tsoron tashinta. Ya leƙa ya ga tana numfashi. Ya dawo tsakar gida ya zauna a tabarma. Hafiza ta ajiye masa kwanon tuwo, bai ko buɗe ba. Ya ciro 'yar jakar fatar da rikodar take zama a ciki, yana ta juya ta a hannu, babu komai a cikinta. Juma'a ce, an sauko masallaci, lokacin da ya saba kunnawa.

Bai ji fitowar Munawwara ba. Sai dai ya ji murya a bayansa, 'yar ƙarama, mai sauran barci, ta ɗan karkace ta irin ta tsofaffi, da jan sunan nan da Inna take yi, don duk Juma'ar duniya yarinyar tana gefensa in ya kunna.

"Ɗanliti, aje wanga abu ka ci tuwo, ya yi sanyi."

Har dariyar sai da ta yi.

"Ke!" in ji Hafiza. "Ubanki za ki..." Ba ta ƙarasa ba, ta toshe baki da gefen zane ta durƙushe.

Mudassiru bai juya ba, don ba ya son yarinyar ta ga fuskarsa. Ya ajiye jakar a kan tabarma, ya jawo kwanon, ya yi bisimilla.