Ba Iskoki Ke Damun Na'inna Ba

Sakinatu na tankaɗe a tsakar gida ta ji ihun 'yarta. Na'inna ce, 'yar shekara bakwai, ta toshe kunnuwa tana buga kai da bango saboda ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Surukarta Hajiya Hadijatu ta leƙo. "Kin gani ko? Yarinya ta haddace izu goma, tana karanta jaridar ubanta, amma a kira ta ba ta amsawa, ba ta wasa da yara. Iskokin dajin Bobi kika kwaso mana."

Ɗanta Muhyiddin malamin dabbobi ne. Wajen rigakafin shanu a Bobi ya ga Sakinatu, Bafulatana, ya aure ta duk da danginsa na Kontagora ba su so ba. Amma ran nan da Hajiya ta ce ko ita ko Bafulatana, sai ya sunkuyar da kai.

"Ki je gida ki ɗan huta," ya ce wa matarsa.

"Malam, yarinyar nan in ba ni ba, ba ta cin abinci."

Ta tafi tana kuka.

Hajiya ta kai Na'inna wurin wani mai cire iska a ƙauye. Da Muhyiddin ya je duba ta, ya tarar da ita ɗaure, bayanta duk shatin bulala, ta daina magana. Ya saɓo ta, bai tsaya ko'ina ba sai Bobi. Ya durƙusa gaban Kawu Gidaɗo, wanda ya riƙi Sakinatu.

Sakinatu ta karɓi 'yarta, ta ce, "Zan koma, amma asibiti za mu kai ta."

A Kaduna wata likitar ƙwaƙwalwar yara ta ba Na'inna 'yan katakai ta haɗa zane, nan take ta gama. Ta nuna mata hotunan fuskoki, ta kasa bambance mai fushi da mai tsoro. Ta daɗe tana yi wa iyayen tambayoyi.

"Ana kiransa otizim," ta ce. "Ba hauka ba ne, ba laifin uwa ba ne, haka aka halicce ta. Haddarta da lurarta sun fi na tsararta. Abin da ke ba ta wuya shi ne hayaniya, da canji ba shiri, da gane nufin mutane. Ku yi mata magana kai tsaye, ku sanar da ita abu kafin ya faru. Duka kuwa kada a sake."

Muhyiddin ya kama haya a unguwa mai shiru, ya roƙi hedimasta a zaunar da Na'inna kusa da ƙofar aji. Sai bayan damina bakinta ya buɗe. Tana shafa hawayen da ke fuskar uwarta ta ce, "Inna, wannan ruwan na baƙin ciki ne?"

"Na murna ne, 'yata."

Na'inna ta yi karatu har sakandare, amma har Hajiya ta rasu yarinyar ba ta yarda ta shiga ɗakin kakar tata ba, duk da kukan nadamar tsohuwar.

Haƙurin Sakinatu ya ceci gidanta. Yaron da ba a fahimta ba, a nemi masu sani kafin a ɗaga masa hannu, domin wani tabon ba ya gogewa.