Rijiya Ta Uku

Wata ranar Litinin a shekarar 1984, Bilki tana zaune bayan mashin ɗin rubutu a biro, wato ofishin majalisar garin Malanville, sai wani saurayi ya yi sallama a bakin ƙofa. Dogo ne, ƙafafunsa duk jar laka, yana riƙe da kwalba an toshe ta da tsumma.

"Kamarad, nan ake kawo ƙara?"

"Ƙarar wa?"

"Ƙarar ruwa."

Ta ɗago kai ta ga ko wasa yake. Idanunsu suka haɗu, ta rasa me ya sa ta gyara ɗankwalinta.

Ya ce sunansa Hambali, mai haƙar rijiya daga Garou. Kamfanin da zai gina gidaje ɗari uku a filin tsohuwar masana'antar gurzar auduga, can bakin gulbi, shi ya sa shi haƙa rijiyoyi uku na gwaji. A ta ukun ya ci karo da gangunan ƙarfe sun ruɓe a cikin ƙasa, irin waɗanda ake zuba maganin ƙwarin auduga a da. Ya cire tsumman. Warin ya sa Bilki ta kau da fuska.

"Shef ɗin aikin, babbanmu a kamfanin, ya ce in yi shiru. Ni ko ban iyawa, yara za su sha ruwan ga. Ban jin faransanci, ki rubuta min yadda manya za su gane."

Ta sa takarda biyu da kabon a tsakani, ta fara bugawa, amma ta san abin da takardar za ta jawo. Mahaifinta Alhaji Mamudu ɗan majalisa ne, kuma shugaban maginan gari, kamfanin ya yi masa alkawarin aikin ginin duka. Ga shi fari ya koro mutane daga Gaya, can hayin gulbi, iyalai suna kwana a rumfunan kasuwa, kowa ya sa rai a gidajen nan.

Hambali ya dawo Laraba ya ji labarin takardarsa. Ya dawo Alhamis. Ranar Asabar ma ya zo, alhali ya san ba a zaman majalisa.

"Mai rijiya, yau kuma ƙarar mi?"

"Ƙarar wata ɗiya da ta hana ni cin tuwo."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Yayarsa Hasiya tana sayar da albasa a babbar kasuwa, ta hannunta wasiƙu suka fara tafiya, cikin ajami.

"Bilkina, gaisuwa mai yawa. Jiya ina cikin rami gaba goma, ban ganin komi sai ɗan sararin sama, ke na tuna. In Alhaji zai yarda, in turo manyana. Naki, Hambali."

Ta mayar masa: "Mai rijiyata, in ka shiga rami igiya za ka duba, ba ni ba. Ka yi haƙuri har majalisa ta zauna. Gidanmu ba lafiya."

Gaskiya ta faɗa. Ango, shef ɗin aikin kamfanin, ya daɗe yana zuwa gaida Alhaji da goro da turare, kowa ya san Bilki yake nufi. Shi ya kai labarin duka biyu, na takarda da na wasiƙu.

Alhaji ya kira ta zaure bayan sallar asuba.

"Magina arba'in ke jiran aikin ga, Bilki. Mata da yara na kwana ƙasa. Sai wani mai shiga rami ya zo da kwalba ya rushe komi? Kuma shi ne za ki kawo min gida?"

"Baba, na shaƙi ruwan da hancina."

"Ban aike ki lakkwal karatun boko don ki yi min gardama ba. Kar in sake jin sunansa."

Saura kwana biyar majalisa ta zauna, Bilki ta buɗe dosiyen da ake ajiye ƙararraki ta tarar babu takardar. Kwalbar ma ta ɓace daga kan tebur. Washegari jandarma suka ɗauki Hambali a tashar kwalekwale, wai yana yi wa gwamnatin juyin juya hali zagon ƙasa. Kwana uku ya yi a tsare. Da ya fito, Hasiya ta miƙa wa Bilki wasiƙa ba tare da ta dube ta ba.

"Bilki, Ango ya same ni can, ya ce ke kika yaga takardar. Ban ga laifinki ba, mahaifinki ne. Amma da kin gaya min da bakinki. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta karanta a tsaye cikin buhunan albasa, hawaye suna zuba. Wannan karon bai ce Bilkina ba.

"Yaya Hasiya, ki ce masa ya zo majalisa gobe. In bai sake dubana ba, ba komi, ya dai zo."

Kwafin kabon yana ƙasan akwatin kayanta. Da safe ta ɗauko shi, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ga shi. Zan kai wa shugaban majalisa. Ban so ka ji daga bakin wani ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. "In kika fitar da ita, kin kunyata ni gaban gari."

Bai ƙwace ba. Ita ma ba ta mayar akwati ba.

Zauren majalisa ya cika har waje. Ango ya baza taswira a kan tebur, ya nuna layukan gidaje, da makaranta, da famfo. 'Yan majalisa suka yi ta tambaya kan faɗin hanya da yadda za a tare gulbi in ya cika, yana amsawa da murmushi. Ana shirin ɗaga hannu, Bilki ta tashi daga mashin ɗinta, ta ajiye kwafin gaban shugaba, Malam Ɗangana.

Ya karanta a fili. Zaure ya kaure da hayaniya. Wata mata daga waje ta yi ihu, "Ku bar mu mu samu inda za mu sa haƙarƙarinmu!"

Ango ya ce rijiya biyu kaɗai aka haƙa.

"Uku ne," in ji wata murya daga baya. Hambali ne, leɓensa da sauran kumburi.

Ɗangana ya naɗe takardar. "Kamarad, filin ba nisa. Mu tafi da ƙafa."

An rufe bakin rijiyar da itace da yashi, amma Hambali ya san wurin, kusa da tsohon ma'aunin auduga. Ya tuɓe riga ya buɗe ta, ya zura guga ya jawo ruwa. Daidai nan aka kira la'asar.

"Laka ce kawai," Ango ya ce. "In ya kwanta zai yi garau."

Alhaji Mamudu ya matso. "Kawo nan. Da shi zan yi alwala, kowa ya huta."

Ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kai ruwan baki. Nan take ya furzar, ya kama tari har hularsa ta faɗi. Bilki ta ruga ta riƙe shi. Da ya samu numfashi, bai dubi kowa ba, ya ce, "Kamarad shugaba, ban yarda a ɗora tubali ko ɗaya ba sai an kwashe abin da ke ƙasan nan."

Majalisa ta dakatar da aikin, ta aika da ruwan zuwa birnin Parakou a gwada. Kamfanin ya ƙi kwashe gangunan, ya tattara kayansa, Ango ya bi shi. Ba wanda ya yi guɗa. Mutanen rumfa suka ci gaba da kwana a rumfa, magina suka daina gaida Alhaji a masallaci, shi kuma ya yi wata biyu bai yi wa Bilki magana ba.

Hambali ya tare ta a hanyar biro, kansa a ƙasa.

"Na yarda da maganar wani a kanki. Ki yafe min, Bilkina."

"Ka ba ni haushi sosai, mai rijiya." Ta share ido. "Maimaita na ƙarshen."

"Bilkina."

Bayan babbar salla Alhaji ya aika a kira shi. Hambali ya cire takalmi tun daga soro, ya zauna a ƙasa.

"Ka hana ni aikin da na fi so a rayuwata," in ji Alhaji. "Har yau ina jin zafinsa. Amma da an gina, jikokina ne za su zauna gidajen nan. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a. Magina kaɗan suka zo, amma mutanen Garou sun cika kwalekwale huɗu, Malam Ɗangana ne ya karɓi auren a madadin Hambali. Da za a tafi da amarya, Bilki ta faɗi a ƙafafun mahaifinta tana kuka. Ya ɗago ta, ya kira Hambali ya matso.

"Ga ta nan. Ba ta jin tsorona, kai ma kar ka sa ran za ta ji naka. Ka riƙe ta da kyau. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai gaskiya."

Duk gidan ya amsa da amin.