Jar Alkamar Shika

Ranar wata Litinin a watan Nuwamba, Madam Edith, shugabar wata ƙungiyar manoman rani kusa da Shika, ta faɗo ofishin 'yan sanda na Samaru tana haki.

"Ranka ya daɗe, an kwashe irin alkamar da gwamnati ta ba mu."

Sufeto Shekari mutum ne mai sanyin jiki, ko motsi bai yi ba.

"An cuɗe shi da jan maganin ƙwari," in ji ta. "Irin shuka ne, ba na ci ba. Wanda ya ci, sai dai a kai shi makwanci."

Sai ga Sufeto tsaye da hula a hannu.

A sito, Albert mai riƙe da makulli ya nuna taga. "Ta nan ɓarayin suka shiga, yallaɓai."

Sufeto ya duba. Saƙar gizo-gizo ta rufe tagar ruf, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ba ta nan aka shiga ba ke nan; ya nemi a nuna masa gidan Albert.

A ƙofar gidan ya tarar da maƙwabciya tana ta sababi, kajinta sun mutu. Ruwan kwatar da ke fitowa daga gidan Albert kuwa ja wur.

"Me aka wanke a nan?" ya tambayi matar gidan, Elizabeth.

"Alkama ce, yallaɓai. Maigida ya ce ta abokinsa ce. Ya shanya, ya kai wa Amaechi mai injin niƙa a Sabon Gari."

Sufeto ya ruga mota. Direbansa bai taɓa jin ya ce a ƙara wuta ba sai ranar.

Amaechi ya fara rantse-rantse, wai shi masara kawai yake niƙawa. Sufeto ya zura hannu cikin buhun da ke jingine da injin, ya ɗebo alkama. Tsagar kowace ƙwaya da sauran ja.

"Nawa ka niƙa?"

"Ko mudu ban niƙa ba, oga. Tun jiya aka ɗauke wuta."

Sufeto ya zauna a kan benci ya sauke ajiyar zuciya. Wallahi bai taɓa jin daɗin rashin wuta irin na ranar ba.

"Wa za ka niƙa wa?"

Amaechi ya faɗa.

A ofis Albert bai ja dogon musu ba. "Na wanke ta tas da sabulu, yallaɓai. Na ɗauka in jan ya fita, maganin ya fita."

"Ka san wa ya saya a wurin Amaechi?"

"A'a."

"Zumuntar matan cocinku. Funkaso za su yi na bikin godiya ranar Lahadi. Matarka ce za ta kwaɓa, ita za ta fara ɗanɗanawa."

Albert ya ɗora hannu biyu a ka. Wani kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa bayan kanta.

Madam Edith ta leƙo. "Irin zai tsiro kuwa, bayan wankin nan?"

"Ke ce manomiya, Madam," in ji Sufeto. "Ni dai ba wanda zan kai mutuware."